Gora Mai Hoton Lemo

Zuwa ga Yaya, matar marigayi yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da ƙafar da ke damunki, da mutanen layi baki ɗaya. Na rubuto ne saboda sau uku ina kiranki a waya kina cewa ba kya ji, alhali ina jin kina amsa wa masu sallama a ƙofa.

Maganar 'yarki ce, wadda kuke kira Almakashi. Kin san ni na tsaya mata ta samu aiki a kamfanin tsara tallace-tallace, bayan wurare biyu sun sallame ta. Manajan abokina ne tun muna makaranta. Shekara huɗu an zauna lafiya, har ta zama babba a ɗakin zane, babu zanen da ke fita sai da sa hannunta.

Yanzu wani kamfani mai yin ruwan wanke banɗaki ya kawo aikin takardar da ake mannawa a jikin gora. Babban aiki ne. Ma'aikatan da ke ƙarƙashinta sun yi zane mai kyau, na gan shi a ofis, masu kayan ma sun gani sun yaba. Ita kuma ta ƙi sa hannu. Ta fito da nata zanen, wanda na gani da idona, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin tsoro ne. Manaja ya ba ta zuwa Juma'ar ƙarshen wata: ko ta sa hannu a kan wanda aka zaɓa, ko ta ajiye makullin ofis.

Yaya, shekarunta arba'in da ɗaya. An wuce lokacin da za a ce ƙuruciya ce. Idan ta bar nan ban san wanda zan sake roƙa ba. Ba ta jin maganar kowa sai taki, don haka nake roƙon ki rubuta mata layi biyu kacal, ki ce ta sa hannu.

Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Naki,
Ƙanin mijinki.

*

Akawu,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka. Ƙafa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ka gaishe da matarka da yara.

Waya kuwa ina ji sarai. Maganarka ce ba ta ƙarewa, ni kuma ina da tukunya a wuta.

Ka ce layi biyu. Ni ajin manya na yi, shekara biyu, rubutu wahala yake ba ni. Amma tunda ka taɓo maganar korar da aka yi mata kamar sata ta yi, gyara zama ka karanta.

Yarinyar nan tana shekara shida ta ɗauki almakashin askin ubanta ta yanka min labule ta fitar da kaza. Na dake ta. Yayanka ya ɗaga ƙyallen ya duba ya ce, "Ai kuwa kaza ce." Shi ya sa mata sunan nan, shi ya ɓata ta. Ni dai labulena ban sake samunsa ba.

Korar farko a maɗaba'a ne. Wani mai makaranta ya ce a sa hotonsa a bangon littafin rubutu na yara, gaba da baya. Ta sa shi a gaba ɗan mitsitsi, a baya ta cika da jadawalin lissafi. Suka kore ta. Ka je ka duba littafin jikokinka ka ga me ke baya yanzu.

Ta biyu kamfanin bas ne. Suka ce ta zana lambobin motoci. Ta tafi tasha ta yi sati tana kallon tsofaffi suna tare mutane suna tambayar wacce ce mai zuwa asibiti. Ta dawo ta sa wa kowace mota dabba, wannan kifi, wannan kaza, wannan kyanwa, lambar a gefe. Manajansu ya ce ta mai da masa kamfani gidan dabbobi. Suka kore ta, amma ba su goge dabbobin ba. Har yau ni motar kifi nake hawa in je a duba min ƙafa, ban tambayi kowa ba.

Ledar gishiri da sukari ta masu gudawa, mai hoton kofi da layi a jikinsa, ita ta yi. Har wani gilashi mai nauyi suka ba ta kyauta. Yana da amfani, da shi nake tokare ƙofar kicin.

Kai ka san ofishinta, ba ka san yadda take aiki ba. Ba ta farawa a kwamfuta. Takarda mai launi take yankawa da hannu, ta manna, ta ɓamɓare, ta sake. Sai ya yi mata sannan ta kai kwamfuta. Daga nan ta buga a ainihin takardar da za a yi amfani da ita, ta sa a ambulan ta ba direban motar haya na layinmu ya kawo min. Ni kuma in cire tabarau, in tsaya daga bakin ƙofa, in faɗi abin da na gani kafin in ja numfashi na biyu. In na faɗi daidai, aiki ya yi. In na kuskure, ta yaga. Shekara ashirin muna haka.

Don haka kar ka ce maganata take ji. Ba ta taɓa jin maganata ba, idona take ara.

Ba zan ce ta sa hannu a kan abin da ban gani ba. In ta aiko zan duba. In nata ne banza zan gaya mata, na saba. In na abokinka ne banza, kai ma za ka ji.

Sai na ji ka.

Matar yayanka.

*

Innata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafa? Kina shafa man nan ko kin ba Mai niƙa kamar wancan karon?

Na san Baffa ya riga ni kawo ƙara. Ga takardu iri biyu a ambulan, da gora biyu babu komai a ciki, irin wadda za a sayar da ruwan. Ba sai na faɗa miki wacce ce tawa ba.

Ga abin da ya hana ni sa hannu. Ruwan rawaya ne. An sa masa ƙamshin lemo. Gorar kuma, kin gan ta, ba ta da bambanci da ta abin sha. Sai aka zo aka ɗora mata hoton lemo an yanka shi gida biyu, ruwa na ɗiga. Abin nan in ya shiga cikin yaro ƙone masa maƙogwaro zai yi. Gargaɗin yana baya, da ƙananan baƙaƙe. Na ce wa manaja rabin masu saye ba sa karatu, kuma ɗan shekara uku ba ya karatu ko a gidan wa aka haife shi. Ya ce doka ta ce a rubuta gargaɗi, kuma an rubuta.

Wannan karon idonki kaɗai ba zai isa ba, don kin riga kin san labarin. Ki manna takardun a gorunan, ki zuba ruwa da 'yar kalar abinci rawaya, ki jera su cikin sauran gorunan kicin. Ki kira matan layi ɗaya bayan ɗaya, kar ki gaya musu komai. Abin da suka yi ki rubuto min, ko ba zai yi min daɗi ba.

Saura sati uku.

'Yarki,
Almakashi.

*

Almakashi,

Lafiya lau nake. Man yana nan, rabi na ba ta.

Na yi yadda kika ce. Na ƙara da gishiri cikin hannu guda a kowace gora, don in wata ta kai baki ta tofar. Na jera su tsakanin gorar mai da ta ruwan sanyi da wata tsohuwar gorar abin sha. Mata goma sha biyu na kira cikin kwana biyu. Kowacce ta shigo sai in riƙe ƙafa in ce, "Don Allah miƙo min abin sha a kanta, maƙoshina ya bushe."

Tara suka ɗauko mai lemo. Mai ɗinki har ta buɗe ta shinshina ta ce, "Sabo ne? Ke dai kina shan daɗi a ɓoye." Biyu suka ɗauko ruwan sanyi. Ungozoma kaɗai ta tsaya ta juya gorar ta karanta, ta ce wane mara imani ne ya yi wannan. To ita ta yi aiki a asibiti shekara talatin, ba a sa ta a lissafi.

Kar ki fara murna, ban gama ba.

Taki baƙa mai ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, ba wadda ta ɗauko a abin sha, gaskiya ne. Amma ni ban yarda da shirun ba. Sai na riƙa nuna ta ina cewa, "Wannan fa, 'yata ta aiko min, na manta na mene ne." Mai ɗinki ta ce, "Maganin ciwon kai ne mana, ga kan nan an zana." Matar direba ta ce na haƙori ne, don haƙoran duk a waje suke. Mai niƙa ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na sanyin ƙashi ne, ga ƙasusuwan. Yaya, ki sam min cokali biyu, gwiwata ta hana ni sakat." Sai da na fizge.

Biyar cikin goma sha biyu suka ce magani ne. Ke kin yi baƙi don ki ba da tsoro, su kuma a wurinsu magani in ya yi muni shi ne mai ƙarfi.

Don haka naki ma kisa zai yi. Nasu yara zai kashe, naki tsofaffi. Ba ki da bakin yi wa manaja tsiwa tukuna.

Da na gama na tara su na faɗa musu gaskiya. Mai niƙa ta ji kunya ta hau faɗa. Ta ce, "To ruwan na wanke mene ne?" Na ce masai. Ta ce, "To uban me ya hana ta zana masan? Ta zano mana gawa, mu mun san gawar wa ce?" Na rubuto miki yadda ta faɗa.

Ki ci abinci. Direba ya ce kin rame.

Innarki.

*

Inna,

Ina gaisuwa. Kwana biyu na yi ina jin haushinki ke da Mai niƙa. Alamar ƙoƙon kan nan duk duniya da ita ake nuna guba, a makaranta ma haka aka koya mana. A rana ta uku na yaga baƙar takardar.

Ga sabuwa. Masai ne ya cika gaban gorar, da buroshin wanke shi a tsaye a ciki. Launin toka da baƙi. A sama ga fuskar yaro, babban hannu ja ya rufe masa baki. Rubutu kalma uku ne kawai. Manaja ya gani ya ce so nake in kashe shi, wa zai sayi gora mai hoton masai. Na ce mai masai.

Amma Inna, zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Na gaji. Waɗanda muka yi karatu tare duk sun zauna wuri guda, ni ce kullum da kwali a hannu ina kwashe kayan tebur. Jiya manaja ya kira ni ba faɗa. Ya ce in na sa hannu a mai lemo, zai yarda a dawo da gargaɗin gaba, a ƙara masa girma, a yi shi da ja. Ya ce in na tafi wani zai sa hannu a ranar, ba tare da ko wannan gyaran ba. Ina ta juya maganar, kuma ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Na bugo miki mai lemon da babban gargaɗin, ki gwada su tare.

Baffa ya ce zai zo wurinki ranar Asabar da kansa. Don Allah kar ki bar shi a tsaye a ƙofa.

'Yarki.

*

Almakashi,

Na karɓi saƙo. Haushin da kika ji ya yi miki amfani, ki riƙa ji.

Matan layi sun riga sun san dawan garin, ba su da amfani yanzu. Sai na sa gorunan a jaka na tafi wurin Mai niƙa, na zauna a benci inda masu kawo niƙa ke jira, yawancinsu ban san su ba. Goma na gwada. Mai masai ba wadda ta yarda ta riƙe ta da kyau, da yatsa biyu suke ɗauka. Wata tana ba ɗanta nono ta ce, "Baba, kawar min da abin banɗakin nan daga kan yaro." Duk goman sun faɗi na mene ne. Ɗaya ta ce yaron amai zai yi shi ya sa aka toshe masa baki. Na ce wannan ma ya yi. Mai niƙa ta kashe inji ta zo ta duba ta ce a gaya miki yanzu kika yi hankali.

Mai lemo da jan rubutun, bakwai suka ce abin sha ne. Wata ta ce jan rubutun sunan kamfani ne. Wata ta ce garaɓasa ake yi.

Yanzu ga labarin Baffanki, kuma kafin ki ce komai, ban shirya masa ba. Da na shirya da na faɗa, ba na jin tsoronsa.

Ya iso da tsakar rana, ya tako daga tasha da ƙafa, da kwat ɗinsa da jakar nan tasa ta fata da ba komai a ciki sai jarida. Ina bayan gida ina shanya. Na ɗaga murya na ce ya shiga, ruwa na kicin, ya ɗiba da kansa, ba baƙo ba ne. Ni na manta ma na mai da gorunan kan kanta.

Sai na ji tari kamar ana shaƙe akuya. Na shigo na same shi ya feshe gaban rigarsa da rawaya, ido ya yi ja, gorar lemo a hannu. Ya sha ya kai maƙwarwa uku, don har ƙasan hoton ruwan ya sauka.

Ya ce, "Yaya, me kika zuba a abin shan nan?"

Na ce, "Karanta."

Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ba sai ya juya ta ba, jan rubutun yana gaba, ƙarƙashin babban yatsansa. Ya karanta a fili. Ya sake karantawa a zuci. Sai ya nemi kujerar tsugunno ya zauna, da kwat ɗin da komai.

Ya ce, "Na gaske ne a ciki?"

Na ce, "Da na gaske ne da yanzu ba ka da muryar tambaya. Gishiri ne."

Ya ce, "Ai ban duba ba."

Na ce, "Akawu, digirinka nawa?"

Ya ce, "Biyu."

Na ce, "Kuma kai da bakinka ka ce ka ga zanen nan a ofis?"

Ya ce, "Na gani. Amma a kan tebur na gan shi, ba a kicin ba. Ƙishirwa ce, Yaya."

Na ce, "Su yaran ba sa jin ƙishirwa?"

Ya cire tabarau ya mai da aljihu. Na ba shi ruwan kirki, na ba shi tsohuwar rigar ubanki ya canja, na jiƙa tasa. Ya ci abinci shiru, abin da ban taɓa gani ba tun da aka kawo ni gidansu. Har ya tafi bai yi maganar sa hannu ba. Da zai fita ya ce in ba shi gorar. Na ba shi, na ƙara masa da mai masai.

Yanzu ke. Kin ce kin gaji. Na yarda, kowa ma ya gaji. Kin ce in kin tafi wani zai sa hannu. Zai sa. Wannan hannunsa ne. Ni ba zan ce ki sa ba, ba zan ce kar ki sa ba, ba ni zan rasa aiki ba. Abin da na gani na faɗa miki: jan rubutun bai hana mai digiri biyu ba.

In kin sa hannu ba zan yi miki baki ba, 'yata ce ke ko yaya. Amma kar ki sake aiko min da ambulan. Ba zan riƙa tara matan mutane suna barin aikinsu, su faɗi gaskiya, a je a ajiye ta a gefe ba. Ki nemi wata mai idon.

Innarki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da godiya a kan karɓar da aka yi mini. Rigar marigayi an wanke an goge, za a kawo. Ina roƙon abin da ya faru a kicin ya tsaya tsakaninmu, ko da yake na lura matar direba ta gaishe ni da wata irin dariya a hanyar tasha.

Ranar Litinin na je wurin manaja da gorunan biyu. Na ba shi labarin matan, sannan, duk da nauyin abin, na ba shi nawa. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce tsufa ne ya kama ni. Na ce shekarunmu ɗaya da shi. Na ce ya yarda a ajiye gorar a firjin ofishinsa yini guda a ga abin da zai faru. Ya ƙi. Ya ce masu kaya sun riga sun zaɓa, lauyansu ya duba, kuma shi ba gidan marayu yake gudanarwa ba. Mun rabu ba yadda muka saba rabuwa ba, bayan shekara arba'in da wani abu.

Na ga 'yarki kafin in fito. Tana zaune da takardar sa hannun a gabanta da almakashi a hannu, ba ta yanka komai. Ban ce ta sa ba. Ban kuma iya cewa kar ta sa ba, domin har yanzu ban san inda za ta nufa ba idan ta fita, kuma wannan yana damuna ko da ke bai dame ki ba.

Jibi ne Juma'a.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri.

Naki,
Ƙanin mijinki.

*

Inna,

Ina gaisuwa. Ban sa ba.

Ba a yi hayaniya ba. Na ajiye makullin a kan takardar. Kafin in gama kwashe tebur mataimakina ya sa hannu, bai iya kallona ba, na ce masa ba komai. Tunda na tafi sun fasa jan rubutun ma, gargaɗin ya koma baya yadda yake. Wannan ne ya tsaya min a rai.

Na tambayi manaja zanena fa. Ya ce in ɗauki masaina in tafi da shi, kamfani ba ya buƙata. Na ce ya rubuta haka ya sa hannu. Ya rubuta.

Baffa ne ya riƙe min kwalin har bakin titi. Bai ce komai ba sai, "Kin ci abinci?"

Ban san me zan yi ranar Litinin ba.

'Yarki.

*

Almakashi,

Lafiya lau. Na ji. Ni na san me za ki yi ranar Litinin.

Mai shagon bakin titi ya ce nan da wata guda kayan za su shigo, kuma za a saya, don yana da araha. Ba mu da ikon hana shi sayarwa. Amma gorar da mace ta saya ta kai gidanta tata ce, ba manajan da zai biyo ta kicin ya hana ta manna abin da ta ga dama.

Tunda ya rubuta cewa masan naki ne, ki je maɗaba'a ki bugo mana shi, ɗari biyu tukuna, mai gam a baya, faɗin da zai rufe lemon nan ruf. Ungozoma ta ɗauki masu zuwa awo. Mai niƙa ta ce duk wadda ta kawo niƙa sai ta tafi da ɗaya ko ba ta so. Ni na ɗauki layinmu da na bayanmu, ƙafar za ta yi haƙuri. Baffanki na son goma. Bai rubuto ba, matarsa ce ta faɗa.

Gam ɗin ya zama mai ƙarfi, banɗaki akwai laima. Kuma kar ki ba direba, ki kawo da kanki, hannuna ba ya manna abu a miƙe.

Innarki.